Gonar Bakin Gari: Gidaje, Hurumi da Makomar Ƙasar Noma a Wagini

A ƙasar Hausa gari ba ya ƙarewa a katangar gidan ƙarshe. Bayan gidaje akwai hurumi, inda ake sakin awaki, a keɓe maƙabarta da filin idi. Bayan hurumi akwai gonakin karkara, waɗanda ake nomawa shekara da shekaru ba hutu saboda takin da ake zuba musu. Burtali ya ratsa su ya kai shanu mashaya, sannan can gaba a tarar da gonakin daji da saura. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne: a yankin Wagini da sauran garuruwan Batsari da Safana a Jihar Katsina, gonar bakin gari ita ce kadarar da ba ta da madadi, kuma manomin da ya ƙi a yanka ta filaye ko a jera rukunin gidaje a kanta yana da hujjar da ta wuce son zuciya.

Turawan Ingila sun daɗe da wannan gardama. A 1938 suka yi dokar da ta kewaye Landan da filin da ba a gini a kansa, a 1955 kuma gwamnati ta buƙaci sauran birane su yi haka. Har yau ba a daina ja-in-ja ba, musamman tun 2024 da gwamnatin jam'iyyar Leba ta ɗauki alkawarin gina gidaje miliyan 1.5, ta kuma sassauta sharuɗɗan gini a wasu sassan wannan fili. Sai dai akwai bambanci babba. Mai adawa a ƙauyen Ingila sau da yawa mai gida ne da ke kare darajar gidansa da kyan abin da yake hange ta taga, shi ya sa matasan da haya ta ishe su suke zarginsa da rowa. Mai adawa a Wagini rumbunsa yake karewa.

Misalin da ya fi kusa da mu Batagarawa ce. A 1967 masaniyar nan Polly Hill ta zauna a garin, mil 6 kudu da birnin Katsina, ta yi binciken da ta wallafa a 1972. Ta nuna cewa arzikin magidanci da talaucinsa sun rataya ne a kan yawan gonar da yake da ita a cikin karkarar da ake takawa kowace shekara. Bayan an ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, birni ya miƙe ya yi kudu; jami'ar jiha da aka kafa a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta zauna a wannan shiyya, unguwanni suka biyo ta. Ba wanda zai ce ba a buƙatar jami'a. Abin lura shi ne cewa irin ƙasar da Polly Hill ta kwatanta ita ce aka fara ci, domin ita ce shimfiɗaɗɗiya, mai kusa da hanya, wadda ba ta buƙatar sharar daji. Abin da ya sa gona ta yi wa manomi kyau shi ne kuma ya sa ta yi wa mai awon filaye kyau.

Wagini ba ta bakin birni, don haka matsin da ke kanta ta wata ƙofa ya shigo. Yankin yana jingine da dajin Rugu, wanda ya haɗa Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya tsallaka Zamfara. A shekarun 1960 aka keɓe Ruma da Kukar Jangarai a matsayin makiyaya, aka yi madatsun ruwa don dabbobi, sannan a 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar gandun kiwo. Yadda aka bar wannan tsari ya lalace, da yadda noma ya riƙa cin makiyaya da burtali, yana cikin dalilan da ake yawan ambata wa rikicin da ya rikiɗe ya zama ta'addancin 'yan bindiga. Wato yankin ya riga ya ɗanɗana abin da ke biyo bayan cinye filin da aka keɓe wa jama'a.

Yanzu rashin tsaro ya juya lissafin ƙasa. Mutanen ƙananan ƙauyuka da unguwanni sun taso sun taru a manyan garuruwa, gonakin nesa kuma sun zama wurin da ake shiga da fargaba, wani lokaci sai an biya haraji ga masu bindiga kafin a yi shuka ko girbi. Ƙaramar Hukumar Batsari kaɗai ta haura mutum dubu 200 a ƙidayar 2006, kuma an yi ta haihuwa tun daga lokacin. Sai ya zamana gonar da ake iya zuwa a dawo kafin la'asar, a shuka gero da dawa da wake, a dasa rogo da dankali, ita ce kuma wurin da ɗan gudun hijira ke neman kafa ɗaki, dillali ke neman yankawa, hukuma ke hange idan an zo maganar sake tsugunar da jama'a. Shirin Pulaku na gwamnatin tarayya na sake tsugunar da jama'a, wanda Katsina ke cikin jihohi 7 da aka zaɓar masa, da rukunin gidaje 250 da ma'aikatar gidaje ta tarayya ta fara a Katsina a 2024, sun nuna cewa ginin gidaje a jere shi ne maganin da hukumomi suka fi sabawa da shi. Duk ranar da irin wannan aiki ya iso yammacin jihar, tambayar farko ita ce a kan gonar wa.

Doka ba ta tare da manomi sosai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon soke haƙƙin mallaka idan buƙatar jama'a ta taso. Diyyar da ta tanada kuwa ta abin da ke kan ƙasa ce: gini, amfanin gona, itatuwa masu amfani. Ana ƙirga ɗorawa da mangwaro da kuka, amma ba layin da ake rubuta takin da kaka da uba da ɗa suka yi ta ɗora wa jaki suna kaiwa. Manomin da aka ba kuɗin kaka ɗaya an karɓe masa kakar jikokinsa. Abin da ya faru a Bakolori a watan Afrilu na 1980, inda 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya ci, bai kamata masu tsara ayyuka su manta da shi ba.

Amma adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Matar da aka kashe wa miji, ta kwashe 'ya'ya ta kwana a ajin firamare, ba za a ce mata ta jira a gama muhawarar hurumi ba. Kuma ba hukuma kaɗai ke cin gonar bakin gari ba, wataƙila ma ba ita ce ta fi ci ba. Magada ne ke sayarwa don a raba kuɗi, wanda aka sace wa ɗan'uwa ya sayar don ya haɗa kuɗin fansa, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida, dillali ya karɓi la'ada. Feguna goma a nan, ashirin a can, ba tare da titi ko magudanar ruwa ba. A ƙarshe an rasa gona, ba a kuma sami unguwa mai tsari ba. Adawar da ta tsaya ga zagin gwamnati ta bar wannan cinikin a gefe rabin magana ta yi.

Saboda haka gardamar ta koma ga zaɓin wuri. Ƙasar Batsari da Safana ba ta rasa fako da tudu mai tsakuwa da gindin duwatsu, inda garma ba ta da aiki amma harsashin gini zai zauna daram. Cikin garuruwa kuma akwai kangaye da kufai da za a iya cikewa kafin a taɓa karkara. Gina a irin waɗannan wurare ya fi tsada, domin sai an ja hanya da ruwa, kuma a halin da ake ciki sai an yi la'akari da tsaro, tunda ba za a kai marasa ƙarfi bakin daji a ajiye ba. Tsadar nan ta shekara ɗaya ce a kasafi. Abin da ya rage shi ne a rubuta iyaka. Dokar 1978 ɗin nan ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin gargajiya a ƙasar karkara, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo ba sai gwamna ya sa baki ba. Da wannan iko, tare da Sarkin Ruma hakimin Batsari da Yariman Katsina hakimin Safana da dagatansu, ana iya auna hurumi da burtalin kowane gari, a kafa duwatsun iyaka, a shigar da su cikin taswirar jiha tun dattawan da suka san inda suke suna raye.