Nauyin Kunama: Tsokaci a kan Bindiga da Ɗan Yatsa

Duk wanda ya fara raɗa wa ɗan ƙarfen nan da ake ja a harba bindiga sunan kunama ya san abin da yake yi. Ga lanƙwasa irin ta wutsiyar kunama, ga kuma harbi in an taɓa. Kalmar bindiga aro ce daga Larabci, haka ma albarushi, amma kunama tamu ce. Abin da muke son dubawa a wannan maƙala shi ne nauyinta, wato irin ƙarfin da ɗan yatsa zai sa kafin ta saki, da dalilin da ya sa wasu suka nemi rage shi, wasu kuma suka nemi ƙara shi.

Bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare shi. Amma ko a ƙarni na 19, lokacin da Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828 bayan Haɓen Zazzau sun baro Zariya, baka da kwari da takobi da mashi su ne ƙashin bayan yaƙi. Bindigar zamanin ta ƙanƙara ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kunamarta mai tauri ce, domin sai ta saki ƙarfe mai ƙarfin da zai ƙyasta wuta. Matsalar mai ita kuwa a lokacin, ko za ta tashi ma in damina ta jiƙa albarushi. Ba banza aka kira ta harba-ka-ruga ba.

Sauƙaƙa kunama sana'a ce ta Turai, kuma ta yi tashe a ƙaramar bindiga. Manyan mutanensu kan warware rikicin mutunci ta hanyar tsayawa gaba da gaba su harbi juna, sai maƙeransu suka riƙa sa wa bindigogin kunamar da in an ɗana ta, shafa kaɗan ta isa. Hikimar ita ce, jan kunama mai nauyi yakan karkatar da bakin bindiga daga inda aka auna. A ranar 11 ga Yuli, 1804, shekarar da aka fara Jihadin Shehu a nan, Aaron Burr, Mataimakin Shugaban Amurka, ya harbe Alexander Hamilton a irin wannan karo. Bindigogin da suka riƙe, ƙirar Wogdon na Landan, suna da irin wannan kunama, kuma har yau masana tarihi suna gardama a kan ko Hamilton da gangan ya harba sama, ko kuwa bindigar ce ta kufce masa.

Wannan gardama ita ce zuciyar al'amarin, kuma ta sake kunno kai a birnin New York. Da 'yan sandan birnin suka bar libarba suka koma fistol irin su Glock a shekarun 1990, hukumarsu ta sa aka ƙara wa kunamar nauyi, daga kimanin kilo 2.5 na kamfani zuwa kusan kilo 5.5, don kada firgita ta sa yatsa ya yi abin da hankali bai umarta ba. Sai dai an gudu ba a tsira ba. A Agustan 2012, a gindin benen Empire State, 'yan sanda biyu sun yi harbi 16 a kan mutum guda, suka raunata masu wucewa tara, masu suka kuma suka ɗora wani ɓangare na laifin a kan taurin kunamar. A 2021 hukumar ta fara bai wa sababbin kurata mai sauƙi. A ganinmu ɓangarorin biyu duk suna da hujja, kuma wannan ne ya sa maganar ta ƙi mutuwa.

Mu dawo gida. Tsohuwar Abuja ta zama Suleja, sunan ya koma kan sabon birnin da aka yanka wa ƙasa a 1976, gwamnati ta tare a 1991. A nan ne ikon bindiga ya tattaru. Dokar Makamai ta 1959, da gyare-gyarenta, ta sa fistol da libarba cikin makaman da ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa, gyaran bindiga ma sai da izinin 'yan sanda. Saboda haka mai ƙaramar bindiga bisa doka, galibi, ma'aikacin gwamnati ne mai kaki, kuma nauyin kunamar da ke ƙugunsa ya fi shafar direban da ya tsayar a shingen hanyar Kubwa ko Nyanya fiye da shi kansa. Mun sha jin an ce bindiga ce ta tashi da kanta bayan an yi gawa. Kafin mu karɓi wannan uzuri, ya kamata mu ji daga ma'ajin makamai: kilo nawa ne nauyin kunamar, yaushe aka auna shi, kuma hannun wa ya taɓa ta tun da ta baro kamfani.