Filayen wasan golf a Arewacin Najeriya

Filayen wasan golf a Arewacin Najeriya wurare ne da aka keɓe domin wasan golf, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Mafi yawansu suna manyan birane kamar Kano, Kaduna, Zariya, Jos da Abuja, kuma tsofaffin cikinsu sun samo asali ne tun zamanin mulkin Turawan Ingila. An san da yawa daga cikin tsofaffin filayen da amfani da yashi a kewayen rami maimakon ciyawa, saboda tsawon rani da ƙarancin ruwa.

Tsarin fili

Cikakken fili yana da ramuka 18, ƙarami kuma 9. Kowane rami yana da wurin fara bugu, da doguwar hanya da aka share, da ramukan yashi ko kududdufai da ke zama tarko ga ƙwallo, sai kuma shimfiɗaɗɗen wuri inda ramin yake da tuta a cikinsa. Faɗin bakin ramin milimita 108 ne. Doka ba ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna fiye da 14 a jakarsa ba. Wanda ya gama zagaye da bugu mafi ƙaranci shi ne ya yi nasara. A yawancin filaye masu ramuka 18, bugun da aka ƙayyade wa gwani yana tsakanin 70 da 72, kuma zagaye ɗaya kan ɗauki kimanin awa huɗu.

Asalin wasan daga Sikotilan ne, inda aka fara buga shi a tudun rairayi na bakin teku. A shekarar 1764 aka mayar da ramukan tsohon filin Sent Andurus 18, daga baya sauran filayen duniya suka bi wannan adadi.

Tarihi

Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka gina barikoki da kulob-kulob a wajen ganuwar birane. A nan golf ya shigo Arewa tare da folo da sukuwa irin ta Turawa. Kulob ɗin golf na Kano yana danganta kafuwarsa da shekarar 1908, na Rafil a Jos da 1913, na Kaduna kuma da 1921, 'yan shekaru bayan garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa. Filin Rafil ya bunƙasa ne da zuwan Turawan haƙar kuza.

A farkon lamari wasan na jami'an mulki ne da manajojin kamfanoni, 'yan ƙasa kuwa aikinsu ɗaukar jaka da gyaran fili. Folo ya fi saurin karɓuwa a gidajen sarauta, musamman a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, domin al'adar hawan doki ta riga ta kafu. Bayan samun 'yancin kai a 1960, manyan ma'aikata, hafsoshin soja da 'yan kasuwa suka gaji kulob-kulob ɗin. A 1991 aka buɗe filin IBB a Abuja mai ramuka 18.

Yashi maimakon ciyawa

Ciyawar kewayen rami tana buƙatar ban ruwa da aski kusan kullum. A ƙasar Hausa kuwa damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara rani ne. Dabarar da aka yi ita ce a tankaɗe yashi, a gauraya shi da baƙin mai, a shimfiɗa, a daddaɓe. Man yana hana iska kwashe yashin, yana kuma sa ƙwallo ta gangara daidai. Kafin ɗan wasa ya yi bugun ƙarshe, sai a ja tsumma ko katako a share masa hanya daga ƙwallo zuwa rami.

Ba Arewa kaɗai ta yi amfani da wannan tsari ba. A kan irin wannan yashi aka daɗe ana buga gasar Najeriya Ofin a kulob ɗin Ikoyi da ke Legas, inda Sandy Lyle ya yi nasara a 1978, Vijay Singh kuma a 1988 da 1989. A 1981 Peter Tupling ya gama ramuka 72 a wurin da bugu 255 kacal.

Yanzu wasu kulob-kulob sun koma ciyawa ta hanyar haƙa rijiyoyin burtsatse. Wannan yana ƙara kyan fili, amma yana ƙara kuɗin kulawa, yana kuma jawo tambaya kan ruwan da ake kashewa a biranen da jama'a ke sayen ruwa daga 'yan garuwa.

Ga masu ziyara

Yawancin filayen na kulob ne masu mambobi. Baƙo kan shiga ta hannun mamba, ko ya biya kuɗin wasa na yini, sannan ya sallami mai ɗaukar masa jaka. Ana buƙatar riga mai kwala da takalmin da ba zai lalata fili ba. Watannin Nuwamba zuwa Fabrairu sun fi sanyi, sai dai hazon hunturu kan hana ganin inda ƙwallo ta faɗi. A Maris zuwa Mayu, lokacin bazara, akan yi wasa ne da sassafe ko bayan la'asar. Jos, da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ta fi sauran garuruwan sauƙin zafi duk shekara.

Muhimmanci

Filayen da aka shata a bayan gari a zamanin Turawa yanzu birni ya kewaye su, sun zama cikin manyan sararin itatuwa da suka rage a Kano da Kaduna. Suna kuma samar da aiki ga masu gyaran fili da matasa masu ɗaukar jaka, waɗanda daga cikinsu ne da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan golf na Najeriya suka fito.