Daga Bauhaus zuwa Allon Kwamfuta: Tarihin Koyar da Zayyana da Sadarwa ta Gani

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka riƙa koyar da zayyana da sadarwa ta gani a Jamus da Suwizalan da Amurka daga 1919 zuwa zamanin kwamfuta. Ta nuna cewa muhawarar da malamai ke yi a yau, ko ido za a fara horarwa ko kuwa kayan aiki, ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da zayyana a jami'a ya san irin ɗalibin da ke zuwa ya iya Photoshop kamar yunwar cikinsa, amma ya kasa faɗin dalilin da ya sa ya ajiye kanun labari a nan maimakon can. Tambayar da ke biyo baya ita ce: me ya kamata a fara koya masa? Amsoshin da aka bayar cikin ƙarni guda su ne jigon wannan nazari.

2.0 Bauhaus da Darasin Share Fage

A shekarar 1919 Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a birnin Weimar, da nufin rushe katangar da ke tsakanin mai fasaha da mai sana'ar hannu. Babban abin da ta gadar wa duniya shi ne darasin share fage, wanda Johannes Itten ya fara jagoranta. Kafin ɗalibi ya shiga kowane ɗakin sana'a, sai ya shafe watanni yana nazarin launi da siffa da bambancin haske da duhu, da taushi ko kaushin kayan aiki. Bayan tafiyar Itten a 1923, László Moholy-Nagy da Josef Albers suka karɓi darasin. An san Albers da ba ɗalibai takarda zalla, ya ce su lanƙwasa ta ko su yanka ta har su gano abin da za ta iya ɗauka, ba tare da ɓarnar ko ƙyalle ba.

Da makarantar ta koma Dessau a 1925, Herbert Bayer ya shugabanci ɗakin ɗab'i da talla, inda aka mayar da tsara haruffa ilimi mai ƙa'ida, har makarantar ta daina amfani da manyan baƙaƙe a takardunta. Matsin lambar 'yan Nazi ya tilasta rufe ta a Berlin a 1933. Sai dai rufewar ce ta watsa irin: Albers ya tafi Black Mountain College a shekarar, daga bisani Jami'ar Yale a 1950, Moholy-Nagy kuma ya buɗe Sabuwar Bauhaus a Chicago a 1937.

3.0 Ulm da Basel: Hanyoyi Biyu

A 1953 Inge Aicher-Scholl da Otl Aicher da Max Bill suka kafa makarantar zayyana ta Ulm, wadda ta keɓe sashe guda mai suna sadarwa ta gani. Sunan kansa hujja ne: aikin mai zayyana isar da saƙo ne, don haka ana iya auna nasararsa. Bill ya so a ci gaba da tafarkin Bauhaus, amma matasan malamai irin su Tomás Maldonado suka shigo da ilimin alamomi da lissafi da nazarin zamantakewa cikin manhaja. Saɓanin ya kai ga ficewar Bill a 1957. An rufe makarantar a 1968, amma tasirinta ya bayyana a alamomin wasanni da Aicher ya tsara don gasar Olamfik ta Munich a 1972, waɗanda baƙo ke fahimta ko bai ji Jamusanci ba.

A Basel kuwa, Emil Ruder da Armin Hofmann sun dogara ga horon hannu da ido. Ɗalibi kan jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita aiki guda har ya gane cewa farin filin da ke tsakanin baƙaƙe yana da nauyi kamar baƙaƙen kansu. Jinkirin aikin shi ne malamin, domin wanda zai sake jera shafi da hannu ba ya yanke shawara da garaje.

4.0 Shigowar Kwamfuta

Tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna da shirinsa na Sketchpad cewa ana iya zane a allon kwamfuta, kuma a shekarun 1970 Muriel Cooper ta fara haɗa ɗaliban zayyana da masu shirya manhaja a MIT. Amma juyin ya game gari ne da fitowar Macintosh a 1984 da PageMaker a 1985, lokacin da aikin maɗaba'a ya dawo kan teburi guda. Makarantu da dama suka kwashe haruffan dalma, suka cika ɗakunan da na'urori, sa'o'in darasin share fage kuma suka fara komawa ga koyon manhaja.

Ba daidai ba ne a ɗora wa na'urar laifi. April Greiman, wadda ta yi karatu a Basel, ta fitar da shahararriyar fastarta ta mujallar Design Quarterly a 1986 da Macintosh, kuma horon idon da ta samu ne ya ba ta damar sarrafa sabon kayan. Haka nan, Casey Reas da Ben Fry sun ƙirƙiro Processing a 2001 don ɗalibi ya koyi gina siffa da umarnin lissafi, wato darasin share fage ne cikin sabuwar riga.

5.0 Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa kayan aiki kan tsufa cikin 'yan shekaru, ido mai horo kuwa yana tare da mai shi har ƙarshen aikinsa. Wannan ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Har yanzu nau'o'in haruffa da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani nau'in, shafi ya fito da baƙaƙe masu karo da juna. Ɗalibin da manhaja kawai ya koya zai wuce wannan aibi bai lura ba. Wanda aka horar da idonsa zai gan shi, kuma daga cikin irinsa ne za a samu mai zana haruffan da suka dace da harshen.