Hanyar Keke da Kuɗin Mil: Nazarin Yadda Ƙananan Hukumomin Ingila Ke Kashe Harajin Jama'a

Tsakure

Wannan maƙala ta duba fannoni biyu da ƙananan hukumomin Ingila ke kashe kuɗi a kansu: jawo hankalin jama'a zuwa hawa keke, da alawus ɗin tafiye-tafiyen ma'aikata. An ɗora nazarin kan abin da ya faru a Kensington da Waltham Forest da Croydon, dukkansu a Landan, da rahotannin ofishin binciken kuɗin gwamnati, da ƙa'idojin biyan kuɗin mil. Nazarin ya nuna cewa asarar da ta tabbata a aikin keke ta fi fitowa daga gaggawa da ja da baya, kuma kuɗin mil, wanda majalisa ke da cikakken iko a kansa, shi ne aka fi yi wa shiru.

Gabatarwa

Duk watan Maris, magidanta a Ingila kan sami takardar harajin gida daga majalisar yankinsu. An kafa wannan haraji a 1993, bayan harajin kai ya jawo zanga-zangar da ta taimaka wajen kawo ƙarshen mulkin Margaret Thatcher. An kasa gidaje aji takwas, daga A zuwa H, bisa darajarsu ta 1991, kuma har yau da wannan tsohuwar ƙima ake aiki. Mutumin da ya ga harajinsa ya ƙaru, ramin da ke ƙofar gidansa bai cike ba, sannan ya wayi gari an kafa sandunan roba a titi an ce na masu keke ne, ba ya buƙatar wani ya zuga shi.

Akwai kuwa masu zugawar. Ƙungiyar TaxPayers' Alliance, wadda Matthew Elliott da abokansa suka kafa a 2004, ta ƙware wajen amfani da dokar 'yancin samun bayanai da ta fara aiki a 2005: ta aika wa ɗaruruwan majalisu tambaya iri ɗaya, ta tara amsoshin, ta miƙa wa jaridu. A 2010 minista Eric Pickles ya nemi kowace majalisa ta riƙa buga duk wani kashe kuɗi da ya haura fam 500. Bayanai sun yawaita. Abin tambaya shi ne ko yawansu ya sa an gane inda kuɗin ke zurarewa.

Daga wace lalita?

Abu na farko da muhawarar ke tsallakewa shi ne asalin kuɗin. Galibin manyan ayyukan keke tallafi ne daga gwamnatin tsakiya, ko daga hukumar sufuri ta Landan, kuma yakan zo da sharaɗin cewa ba za a karkatar da shi ba. Majalisar da ta ƙi karɓa ba ta samun damar zuba shi a gidan kula da tsofaffi. Wata majalisar ce za ta ɗauka. Kuɗin jama'a ne dai, babu musu, amma kansilan da ake zagi a taron unguwa sau da yawa bai taɓa harajin gida ba wajen yin aikin.

Tsarin ya daɗe. A 2005 aka zaɓi garuruwa shida na gwajin bunƙasa hawan keke: Aylesbury, Brighton da Hove, Darlington, Derby, Exeter, da Lancaster tare da Morecambe. Na'urorin ƙirga masu wucewa sun nuna hawan keke ya ƙaru da kusan kashi 27 cikin ɗari zuwa 2009. A 2011 aka rushe hukumar da ke kula da shirin. A watan Mayun 2020, ana tsakiyar annobar korona, ministan sufuri Grant Shapps ya sanar da fam biliyan 2 don keke da tafiyar ƙafa, ciki har da fam miliyan 250 na gaggawa, aka ce wa majalisu su yi aiki cikin makonni. A 2022 aka kafa sabuwar hukuma a York ƙarƙashin Chris Boardman, tsohon zakaran tseren keke. A Maris 2023 aka zabtare kusan fam miliyan 200 daga kasafin. Ma'aikacin da aka ɗauka don tsara hanya bai san ko baɗi akwai albashinsa ba.

Makonni bakwai a Kensington

Babban titin Kensington ɗaya ne daga cikin hanyoyin da ke shigar da mutane tsakiyar Landan daga yamma. A Oktoban 2020 majalisar Kensington da Chelsea ta keɓe wa masu keke gefensa biyu da sandunan roba, da tallafin da aka ruwaito ya haura fam 300,000. Nan take ƙorafi ya tashi. Masu shaguna suka ce ciniki ya ja baya ga Kirsimeti na ƙaratowa, 'yar majalisar dokokin yankin Felicity Buchan ta shiga gaba, ɗan wasan kwaikwayo Nigel Havers ya rubuta a jarida cewa titin ya cushe. A farkon Disamba ma'aikata suka fito da dare suna tumɓuke sandunan, yayin da malamai da iyayen yaran wata makarantar firamare da ke kusa suka hau kekuna suna roƙon a bar musu hanyar.

Hanyar ta yi kimanin makonni bakwai. Makonni bakwai ɗin ma sun haɗa da kullen korona na Nuwamba da ayyukan gyaran titi a kusa, don haka babu mai binciken kirki da zai iya cewa ga tasirinta a kan cunkoso ko ciniki. An biya kuɗin kafawa, an biya na cirewa, ba a sami hanya ba, ba a sami ilimi ba. Magajin garin Landan Sadiq Khan ya yi barazanar karɓo kuɗin. Irin haka ta faru a Wandsworth, wadda ta dakatar da shirinta a Satumbar 2020, da West Sussex, da Brighton wadda ta cire hanyar Old Shoreham a 2021. A bazarar 2021 gwamnati ta gargaɗi majalisu cewa duk wadda ta cire aiki ba tare da hujja ba za a rage mata tallafi.

Akwatin gawa a Walthamstow

Kilomita kaɗan zuwa arewa maso gabas, labarin ya sha bamban. A 2014, zamanin Boris Johnson yana magajin gari, aka zaɓi Waltham Forest da Enfield da Kingston don shirin da aka yi wa laƙabi da ƙaramar Holan. Waltham Forest ta sami kimanin fam miliyan 27. Ta toshe wasu titunan unguwa ga motocin da ke yanke hanya, ta faɗaɗa gefen masu tafiya a ƙasa, ta kafa rumfunan ajiye keke masu makulli a bakin gidaje.

Adawar ta fi ta Kensington zafi. Ranar buɗe titin Orford da ke Walthamstow a Satumbar 2015, masu zanga-zanga sun zo ɗauke da akwatin gawa, alamar an kashe unguwar. Sun kai majalisa kotu, suka sha kaye. Mataimakin shugaban majalisar, Clyde Loakes, ya sha zagi amma bai janye ba, jam'iyyarsa kuma ta ci gaba da lashe zaɓe a yankin.

Da yake aikin ya zauna, an sami abin aunawa. Farfesa Rachel Aldred ta Jami'ar Westminster da abokan aikinta sun bi mutane guda suna tambayarsu shekara bayan shekara. Sakamakon shekarar farko, wanda aka buga a 2019, ya nuna mazauna wuraren da aka fi yi wa aiki sun ƙara minti 41 a mako na tafiya da ƙarfin jikinsu, idan aka kwatanta da mazauna wasu unguwannin bayan gari. Abin lura: minti 32 na tafiyar ƙafa ne, 9 kacal na keke. Kuɗin da aka fitar da sunan keke ya fi amfanar mai tafiya a ƙasa, wanda ba ya cikin muhawarar tun farko. Masu suka na da gaskiya a wuri ɗaya, cewa mazauna manyan titunan da ke kewaye na iya ɗaukar wani ɓangare na cunkoson, kuma wannan batu ne da ya cancanci awo na kansa.

Kuɗin da ba ya fitowa a jarida

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ke zagaya gidajen tsofaffi, da mai duba tsaftar gidajen abinci, da jami'in tsara gine-gine, galibinsu da motocinsu suke aiki, a ƙarshen wata su cike takarda a biya su. Hukumar haraji ta ƙasa ta amince da kwabo 45 a kowane mil na mil 10,000 na farko, sai kwabo 25 bayan haka, adadin da ya zauna tun 2011 har fiye da shekara goma. Babur kwabo 24, keke kwabo 20. Sai dai yarjejeniyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta 2010 ta kai kwabo 65 ga mota mai babban inji, kuma wanda aka ɗauka motar dole ce ga aikinsa yana iya samun dunƙulen kuɗi har fam 1,239 a shekara. Ma'ana, mai babbar mota ya fi samu. Wanda ya yi mil 3,000 a shekara a kan kwabo 65 ya ɗara mai kwabo 45 da fam 600.

Majalisu da yawa sun sauko zuwa 45 lokacin tsuke bakin aljihu, bayan tallafin gwamnatin tsakiya ya ragu da kusan rabi tsakanin 2010 da 2018 kamar yadda ofishin binciken kuɗi ya ƙiyasta. Ƙungiyar ƙwadago ta Unison kuwa tana ganin abin ta ɗaya gefen: da man fetur ya yi tsada a 2022 ta ce kwabo 45 bai isa ba, ƙananan ma'aikata ne ke ciko daga aljihunsu don yi wa hukuma aiki. Duk ɓangarorin biyu na gardama kan farashin mil, ba a cika tambayar yawan mil ɗin ba.

Croydon ta yi tambayar. A 2010 ta haɗa kai da kamfanin Zipcar, ta ajiye motocin haya da ma'aikata ke ɗauka da rana, jama'ar gari su yi hayarsu da yamma da ƙarshen mako. Kuɗin tafiyar mota da ya kai kusan fam miliyan 1.3 a shekara ya faɗi sosai, domin tafiyar da sai an yi rajista kafin a yi ta, ana tunani kafin a tashi. Irin wannan kuɗi ba ya bayyana a jerin fam 500, tunda sai mutum ya yi sama da mil 1,100 a wata kafin takardarsa ta kai haka. Sandar roba kowa na ganinta. Takardar mil tana cikin fayil. An bar jaki ana dukan taiki.

Girman abin

Ya kamata a ajiye duka biyun a ma'auninsu. Croydon ɗin nan ta ayyana cewa ba ta iya daidaita kasafinta a 2020, saboda kamfanin gidajenta da sayen kadarori, har da otal. Woking ta bi sahu a 2023 da bashin kusan fam biliyan 2 na dogayen benaye. Birmingham ta durƙushe a wannan shekarar kan bashin daidaita albashin mata da maza da aka ƙiyasta zai kai fam miliyan 760, da sabon tsarin kwamfuta da ya ƙi aiki. A cikinsu babu wadda keke ko kuɗin mil ya kayar.

Rahoton ofishin binciken kuɗin gwamnati na Yunin 2023 ya ce da wuya a cim ma burin ninka hawan keke zuwa 2025, kuma ma'aikatar sufuri ba ta da cikakken sanin abin da kuɗin da ta raba wa majalisu ya haifar. Wannan zargi ya fi na masu zanga-zanga nauyi, don yana nufin an kashe ba a auna ba. Hukumar da ke York ta fara bai wa majalisu maki daga 0 zuwa 4 bisa iya aikinsu, ana ɗaura tallafi a kan makin, kuma a zagayen farko na 2023 babu wadda ta sami 4. Tafiye-tafiyen ma'aikata ma na buƙatar awo irin wannan: kowace majalisa ta buga jimillar mil ɗin da ta biya a shekara, sashe sashe, da farashin da ta biya, da adadin tafiye-tafiyen da aka yi a bas ko jirgin ƙasa ko keke, a shafi ɗaya da kuɗin da ta kashe wajen kafa hanyoyin keke da wanda ta kashe wajen cire su.