Randar Kwali a tanderun Bature

Abujar da ake magana a nan ba ta Aso Rock ba ce. Tsohuwar ce, wadda Abu Ja ya kafa, wadda ta bar wa babban birni sunanta bayan 1976 ta koma Suleja. A nan ne gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a 1952, ƙarƙashin wani Baturen Ingila, Michael Cardew, wanda ya riga ya sha wuya da wannan sana'a a Vume ta ƙasar Gana. Ya zaga Arewa yana duba yumɓu kafin ya tsaya a Abuja, don ga ƙasa mai kyau, ga ruwa, ga itacen wuta, ga kuma Sarki Sulaimanu Barau da ya karɓe shi hannu biyu.

Nufin gwamnati shi ne a koya wa samari maza juya yumɓu a kan faifai, su riƙa fitar da faranti da kofi da butar shayi, a rage shigo da tangaran daga waje. A lissafinsu babu mace.

A fadar Sarki Cardew ya ga wasu randuna da suka tsayar da shi. Na wata Bagwariya ne daga ƙauyen Kwali, Ladi, wadda ta koyi gini tun tana yarinya a hannun 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga cibiyar, mace ta farko.

Ladi ta iya faifan, amma ba shi ne abin kallo ba. Idan za ta gina randa, sai ta kafa curin yumɓu, ta duƙa, ita ce ke zagaya shi tana jan bangon sama, tana ɗora murɗaɗɗen yumɓu ɗauri bayan ɗauri. Kafin ya bushe sai ta ɗauki ɗan tsinke ta zana ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi, kowanne a cikin gidansa. Ba ta awo, ba ta zanen gwaji.

Abin da cibiyar ta ƙara shi ne wuta. Matan Kwali a fili suke gashi, da ciyawa da ƙirare, randa ta fito da ƙananan ƙofofi tana naso, kuma nason nan ne ke sanyaya ruwa. Cardew kuwa sai a shafe randar da ruwan ƙyalli, a sa ta a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Ta fito tana sheƙi, da nauyi kamar dutse, ba ta naso. Wato ta daina aikin randa. Kuɗinta ma ya fi ƙarfin matar ƙauye, sai falon masu hali da gidajen tarihi. Ni dai har yau ban yanke ba ko ɗaukaka aka yi wa randar ko ritaya.

Duk da haka, Ladi ce ta fitar da sunan cibiyar. An baje kayanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta je Ingila da Amurka tana gini a gaban jama'a. Wasu mata suka biyo sawunta, irin su Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi. Ladi ta samu MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma kafin rasuwarta a Minna a 1984 an riga an sa wa cibiyar sunanta.

Hotonta ne a bayan takardar naira 20, wadda a garuruwa da yawa yanzu ko ledar ruwan sanyi ba ta saye.