Loda Manhaja a Kan Allon Lantarki Ba Tare da Dalma Ba

Maikrokwanturola ita ce ƙaramar IC ɗin da ke tafiyar da na'urori irin su mitar wuta da injin wanki, kuma ba ta iya taɓuka komai sai an loda mata manhaja. A shekarun 1970 da 1980, IC ce ake ɗauka a kai wa na'urar lodi. Ire-iren Intel 8748 da 8751 suna da 'yar taga ta gilashi a bayansu. In an samu kuskure a manhaja, sai injiniya ya zare IC daga soket, ya sa ta ƙarƙashin fitilar UV na kusan minti ashirin har abin da ke ciki ya goge, ya sake lodi, sannan ya mayar. Wajen wannan cire-mayar ɗin ƙafafu da yawa suka lanƙwashe ko suka karye.

Abu biyu suka kawo ƙarshen wannan wahala. Masana'antu sun koma ga IC masu ƙananan ƙafafu da ake liƙawa a fuskar allo, waɗanda ba a cire su sai da iska mai zafi. Sannan aka samu ma'adanar da wutar lantarki kaɗai ke gogewa. A 1993 Microchip ya fitar da PIC16C84, wadda ake iya yi wa lodi tana zaune a kan allo, Atmel kuma ya biyo baya da AVR a 1997. Tun 1990 ma an amince da ƙa'idar JTAG a matsayin IEEE 1149.1. Don gwajin allo aka ƙirƙiro ta, amma masu lodi suka karɓe ta hannu bibbiyu.

Daga nan sai tambaya ta koma: ta ina wayar lodi za ta taɓa allo? Da farko an riƙa liƙa jerin fil shida ko goma da dalma, tazarar milimita 2.54 tsakaninsu. A ɗakin gwaji ba laifi. A masana'anta kuwa asara ce, domin kowane allo sai an saya masa fil ɗin, an liƙa, an ware masa fili, alhali aikinsa na 'yan daƙiƙoƙi ne, sau ɗaya tak a rayuwar na'urar. Gara tsadar ta koma kan waya guda da za ta yi wa dubban alluna hidima.

Maganin ya fito ne daga sashen gwaji, inda aka daɗe ana amfani da allurar pogo. Siririn bututu ne da sifirin a ciki, da kan allura mai shiga da fita, galibi an shafe shi da zinariya. Mai zana allo zai bar 'yan ɗigogin tagulla a buɗe, a jera allurai daidai da su, a danna allon da murfi. Bakin allurar ma iri-iri ne: mai tsini don huda datti, mai kambi don kama kan fil ko ƙafa, mai santsi don kada ya ƙarce wurin. Kamfanin Tag-Connect ya mayar da wannan dabara waya ta hannu. Samfurinsa TC2030 yana da allurai shida da sanduna uku na saiti, waɗanda aka jera yadda ba za a iya soka shi a juye ba. Akwai mai ƙafafun roba da ke kama allo da kansa, akwai marar ƙafa da sai an riƙe.

A nan ne masu aikin suka fi shan wuya. Lodi ba ya jure yankewa. Hannu ya ɗan motsa, ko ragowar fulos ya rufe tagulla, sai kwamfuta ta ce ba ta ga IC ba, sabon shiga kuma ya ɓata yini yana zargin manhaja. Wanda ya ga jiya zai fara da goge wurin da sifirit, ya tabbatar allurar nagetif ta zauna, ya rage tsawon waya da saurin lodi. Allurai ma suna gajiya, shi ya sa ake dasa su cikin kube don a riƙa musanya su ɗaya-ɗaya.

Masu ƙaramin ƙarfi suna da nasu dabarun. Wasu kan soka fil a ramin da ba dalma su karkata shi da yatsa, wasu kan zana ramukan a ɗan goce don su matse fil ɗin. Akwai kuma kilif mai cizon IC mai ƙafa takwas, wanda masu gyaran laftof ke haɗawa da na'urar CH341A don filashin BIOS. Aibinsa shi ne wutar da yake bai wa IC takan bi ta tayar da wasu sassan allon, karatu ya fito a gurɓace, har dole a koma ga cirewa.

Masu ƙera IC su ma sun rage yawan wayoyin. Tsarin SWD na ARM layi biyu yake buƙata, SWIM na STM8 da UPDI na sababbin AVR kuwa layi ɗaya, ban da na wuta da nagetif. Shi ya sa a alluna da yawa na yau, abin da ya rage na mahaɗin lodi ɗigo uku ne ko huɗu a bayan allo.