Daga Majanyi zuwa Kujerar Mota: Tafiya da Yara a Ƙasar Gaya

Duk wanda ya nazarci tarihin Kano ya san cewa Gaya gari ne na kan hanya tun fil azal, domin riwaya ta nuna daga nan ne Abagayawa, maƙeran farko, suka tashi zuwa Dala neman tama, kuma ta nan ne baƙin gabas, fatake da malamai da almajiransu, suka riƙa shigowa ƙasar Kano ƙarni bayan ƙarni. A wancan zamani, da tafiya take a ƙasa ko a bayan jaki, al'ada ta tanadar wa yaro tsari wanda babu alƙalin da ya rubuta shi: jinjiri yana goye, an ɗaure shi da zane an ƙara da majanyi, wanda ya tasa kuwa a ɗora shi tsakanin mangala, babba na riƙe da shi, ayari na tafiya gwargwadon ƙarfin mafi rauni a cikinsa.

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sai manyan motoci suka fara ratsa ƙauyuka suna kwasar amfanin gona, mutane suka saba hawa kan buhuna da 'ya'yansu. Sa'an nan kwalta ta biyo ta Wudil, ƙananan motocin haya suka yawaita, daga bisani babura suka cika hanyoyin Ajingi da ƙauyukanta. Sauri ya ninku, alhali tsarin ɗaukar yaro bai inganta ba, sai ma raguwa da ya yi. Domin matar da za ta shiga mota dole ta kwance goyo ta ɗora ɗan a cinya, kuma da yake ba a biyan kuɗin mazaunin yaro, ba a lissafa shi cikin masu kujera.

A ƙasashen da ake ƙera motoci, an daɗe da fahimtar illar sauri ba tare da kariya ba. A 1959 injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo a Suwidin ya fito da bel ɗin da ke ratsa ƙirji da ƙugu. Amma da yake an auna shi ne da jikin baligi, a jikin yaro sai ya hau wuya da ciki, inda zai iya yin lahani maimakon kariya. Saboda haka a 1978 kamfanin ya ƙera matashin da ke ɗaga yaro har bel ɗin ya zauna a kafaɗa da ƙashin ƙugu. A Ingila, tun 2006, wajibi ne yaro ya zauna a kujerar yara a cikin mota har ya cika shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135.

A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a farkon 2003, tana kuma hana zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a gaban mota. Sai dai hukuncin ya fi ƙarfi a birni. A ranar Juma'a ta kasuwar Wudil har yanzu ana ganin yaro a kan tankin babur, ko a cinyar uwarsa kusa da direba, alhali idan aka yi karo babu hannun da ke iya riƙe shi, komai ƙaunar mai hannun.

Malamanmu sun karantar da cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma tawakkali ba ya kore riƙo da sababi. Hakika kujerar yara tana da tsada ga talaka, amma mayar da yaro kujerar baya ba ya cin ko kwabo. Don haka muna kira ga limamai da masu unguwanni da shugabannin tasha a Gaya da Ajingi su tsaya kan wannan tukuna, mai motar kansa kuwa ya sayi kujerar yara, domin yaro amana ne da za a tambayi kowannenmu a kansa.